Yadda Na Zama Uwar Fafaroma

Ko zan manta da komai na duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a talabijin ba. Kuma kada ku ji tausayina, don babu wanda ya ja ni. Da ƙafafuna na je, har da shafa turare.

A shekarun nan ne da talabijin ya fara shigowa ƙasarmu, lokacin da in aka ce wane yana da akwatin a gidansa sai a riƙa gaishe shi da hannu biyu. Ni kuma ina bazawara, shekaruna sun ɗan haura talatin (a bakina dai ba su taɓa wuce ashirin da biyar ba), ina zaune a unguwar Nima ta birnin Akra tare da Gwaggona, ƙanwar mahaifina. Sana'ata sayar da waakye, wato shinkafa da waken nan namu na Akra da ake dafawa da karan dawa har ya yi ja. Teburina yana bakin ƙofar gidan talabijin, tafiya kaɗan daga unguwarmu in ka bi ta Kawukudi. Ma'aikatan gidan duka, daga direbobi har masu ɗaure wuya, a wurina suke ci.

Ina da girman kai a lokacin, ba ƙarami ba. Mahaifina Bakano ne da fataucin goro ya kawo shi, don haka nake ganin na fi duk matan gidanmu na haya asali. In na ji 'yan zango, wato Hausawan da aka haifa a nan, suna ce wa mace "kai", sai in taɓe baki in ce mu a Kano ba haka muke magana ba. (Ban taɓa zuwa Kano ba. Iyakata Kumasi, ita ma a bayan motar doya.)

Cikin masu cin abincina akwai wani Mista Kwate, ɗan ƙabilar Ga, shi ne mai shirya wasannin kwaikwayo a gidan. An taɓa tura shi Ingila ya yi 'yan watanni, ya dawo da lofe a baki wanda ba ya kunnawa, da wani ƙyalle da yake naɗawa a wuya a cikin zafin Akra, gumi na bin bayansa amma shi a ransa yana cikin sanyin Turai. Wata rana ina cikin zuba wa wani direba, sai ya tsaya ya haɗa yatsunsa kamar 'yar taga, yana leƙena ta ciki.

"Maame," in ji shi da guntuwar Hausarsa ta kasuwa, "kai yana da fuska. Fuska na mama sosai. Ina so kai ya shiga wasa na talabijin."

Na gyara ɗaurin kallabina na ce, "Wane irin wasa?"

"Labari na babban mutum. Babba ƙwarai! Sarki na Roma. Duniya duka yana durƙusa masa. Kai ne mama nasa."

Ya haɗa da wata gajeruwar kalma ta Turanci wadda ta shiga ta wannan kunnen ta fita ta wancan. Mace mai hankali za ta tambaya mece ce kalmar. Za ta kuma tambaya yaya aka yi duk matan Akra masu ilimi aka tsallake su aka zo kan mai ludayi. (Daga baya na ji cewa wadda aka fara ba matsayin ta tafi jana'iza Kumasi, kun kuwa san jana'izar can ba a dawowa da wuri, kuma duk matar da ya tuntuɓa kafin ni ta ƙi.) Ni ban tambayi komai ba. Abin da na ji kawai shi ne uwar Sarkin Rum.

Kafin magariba babu wanda bai sani ba a layinmu. A bakin famfo, inda matan unguwa ke jeran bokiti suna yanka mutane, na tsaya na ce, "To, sai ku nemi inda za ku zauna ranar Lahadi. Za a nuna ni a talabijin. Mai Babban Ɗaki zan fito, uwar Sarkin Rum."

Wata ta ce, "Ke ɗin?"

Na ce, "Ai su masu aikin sun san jinin sarauta in sun gan shi. Ba kowace fuska akwatin ke karɓa ba. Wasu in aka nuna su sai gilashin ya tsage."

Ku duba fa irin bakin da na yi.

To, a lokacin akwai mai nemana da aure, Alhaji Sa'idu na Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, dillalin goro mai motocin ɗaukar kaya. Mutum ne mai son a sani. In ya sayi sabon agogo, ranar duk wanda ya gaishe shi sai ya gaya masa ƙarfe nawa ko bai tambaya ba. Gidansa yana kusa da babban titi inda wutar lantarki ta kai, kuma yana cikin 'yan tsirarun da ke da akwatin talabijin a duk yankin. Maganarmu ta yi nisa, har dattawansa sun zo sun gaida Gwaggo. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na gaji da tashin asuba ina hura itace, na riga na gama zaɓen labulen da zan sa a ɗakina na gidansa.

Da ya ji labari sai ya zo da kansa, babbar riga tana jan ƙasa.

"Ashe haka Allah ya ɗaukaka mu?" in ji shi. (Ku ji fa, "mu".) "Ranar Lahadi zan fito da akwatin waje. Zan kira Liman, zan kira 'yan kasuwar goro. Su zo su ga irin matar da Alhaji Sa'idu zai ajiye."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi kamar mai kunya, zuciyata kuwa tana rawa.

Wadda ta fara tsinka mini zaren ita ce Mariya. Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon juna, Badagarta daga can arewa, mijinta ɗan sanda. 'Yar Katolika ce ta gaske. Mun yi shekaru muna zaman lafiya: ita ke taya ni tsince wake, in azumi ya zo ba ta cin abinci a tsakar gida, in bikinsu ya zo ni ke dafa mata shinkafa. Ranar Alhamis ta shigo da gudu, fuskarta kamar an yi mata albishir da haihuwa.

"'Yar'uwa! An faɗa mana a coci za a nuna tarihin Fafaroma ranar Lahadi. Ashe ke ce uwarsa!"

Na ce, "Uwar wa?"

"Fafaroma mana. Babanmu na Roma, wanda ya rasu shekarun baya."

Sai na ji tsakar gidan ta ɗan juya. Mariya ba ta lura ba, ta zauna a kan turmi tana ba ni labarinsa, idonta har da ƙwalla. Wai mutumin kirki ne, mai raha, yana zuwa gidan yari ya gaida fursunoni, yana zuwa asibiti wurin marasa lafiya. Wai ɗan talakawa ne, manoma, a ƙauye aka haife shi, gidansu ko takalmin kirki babu.

Na ce, "Tsaya. Talakawa? Uwar tasa ba sarauniya ba ce?"

Ta yi dariya. "Wace sarauniya? Matar manomi ce, mai kiwon kaji."

Allah ya gafarta mini, amma in zan faɗi gaskiya, kajin nan sun fi tayar mini da hankali a kan maganar cocin. Ni 'yar Musulmi, jikar masu allo, an ce zan fito uwar shugaban Kirista, abin da ya fara zuwa raina shi ne to leshina fa?

A nan ne ya kamata in je in ce wa Mista Kwate ya nemi wata. Amma da wane baki zan koma famfo? Me zan ce wa Alhaji, wanda ya riga ya aika a ari bencina daga makarantar allo? Sai na zauna na yi wa kaina hisabi irin na wawaye. Na ce ai wasan da Turanci za a yi, wa ke jin Turanci a cikin 'yan goro? Za su ga fuskata, su ga adona, in ɗan yi murmushi, shi ke nan. Na roƙi Mariya kada ta faɗa wa kowa. Ita a zatonta tawali'u ne ya sa.

Ranar Asabar aka yi gwaji, shi ne kaɗai na halarta. A nan na haɗu da ɗana. Mista Amowa ne, wani malamin makaranta mai tumbi da sanƙo, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma na san shi sarai, don kullum sai mun yi da shi a kan ƙarin shito, yajin kifin nan da ake zubawa a kan waakye. Ya ce, "Mama!" ya buɗe hannu. Na ce ya tsaya daga nan.

Aikina ba wuya, in ji Mista Kwate. Ba ni da magana ko ɗaya. Da farko zan tsaya ina juya tukunya, ɗana ya zo ya durƙusa zai tafi karatun addini, in ɗora masa hannu a ka. Daga baya, bayan ya girma ya zama fada, wato limamin coci, zai dawo gida ya tarar na cika.

"Na me?"

"Kai ya mutu, Maame. Kai ya kwanta, kai ya rufe ido. Kada kai ya motsa, ko gini ya faɗi."

Na kwanta a kan wani tebur, Mista Amowa ya zo ya yi 'yan maganganu a kaina, ya kaɗa hannu a iska, hannu wofi, babu komai a cikinsa. Aka ce ya yi kyau. Na ce a raina, in dai wannan ce mutuwar, ai da sauƙi. Zan mutu da kwalli a idona, 'yan kunnena suna walƙiya.

Ranar Lahadi tun azahar nake shiri. Leshi ruwan ƙwai, 'yan kunnen zinariya na Gwaggo, lalle hannu da ƙafa, turare har sai da kajin gidan suka yi atishawa. Tafiyar da nake yi kullum da tukunya a ka, ranar tasi na ɗauka, na sa direba ya bi ta bakin famfo a hankali.

Ina shiga aka miƙa ni ga wasu mata biyu a wani ɗan ɗaki. Ba su ko gaishe ni ba suka hau tuɓe ni kamar masu fige kaza. Leshi ya tafi, 'yan kunne suka tafi, aka goge kwallin da tsumma. Aka zura mini wata koɗaɗɗiyar riga mai warin akwati, aka ɗaura mini buhu a gaba, aka yafa mini baƙin ƙyalle. Sannan aka zazzaga mini farar hoda a gashi da gira, aka ɗauki gawayi aka zana mini tamoji a goshi da gefen baki. Lallen da na kwana ina ƙunshi aka shafe shi da toka. Da na dubi madubi sai na ga kakata, ita ma a ranar da zazzaɓi ya kayar da ita.

Na ce, "Ku kira mini Mista Kwate."

Ya leƙo, ya cire lofe, ya sumbaci yatsunsa. "Ei! Maame, kai ya yi kyau! Talaka na gaskiya!"

A zamanin nan ba a ɗaukar wasa a ajiye a gyara. Yadda kake yi a ɗakin, haka ake ganinka a gidaje a wannan lokacin, in ka yi tuntuɓe ƙasa duka ta gani. Aka tura ni wani babban ɗaki mai fitilu a sama masu zafi kamar bakin tanda, ga manyan kyamarori a kan tayoyi, kowace da ɗan jan ido da ke kamawa in ita ke kallonka. Bayan magariba kaɗan aka fara.

Fitowar farko na yi ta lafiya, in za a kira wannan lafiya. Ina juya tukunyar da babu komai a ciki, ina ta karkata fuska wajen jan idon nan ina murmushi don a gane ni, Mista Kwate yana can gefe yana yi mini alama da hannu kamar mai korar ƙuda wai in ɓata rai. Sai ga ɗana ya shigo da gajeren wando da gashin aro a ka, wai shi saurayi. Da ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har sai da mai kyamara ya waiwaya. Na ɗora masa hannu, gashin ya ɗan zame, na gyara masa. Aka wuce.

Sai lokacin mutuwa ya zo. Na hau tebur, aka lulluɓe ni da farin zane zuwa ƙirji, aka harɗe mini hannuwa. Na rufe ido.

Ba ku san tsawon lokaci ba sai kun yi gawa a ƙarƙashin fitila. Gumi ya fara tsattsafowa, ya haɗu da hodar nan ya zama kamar ƙullin ƙosai, yana gangarowa ta gefen hancina. Ina jin ƙaiƙayi, ba halin susa. Can sai na ji an kaɗa wata 'yar ƙararrawa, wasu muryoyi suka ɗauki waƙa a hankali cikin wani harshe da ban taɓa ji ba. A gwaji babu ƙararrawa, babu waƙa. Na ji takun Mista Amowa, na ji numfashinsa a kaina (shito ya ci, ba a wurina ba kuma). Sai na ji an ɗora mini wani abu mai sanyi a kan hannuwana. Na buɗe ido ɗaya kaɗan, kamar zare. Gicciye ne na ƙarfe, a kan ƙirjina.

Na ce a raina, yi haƙuri, saura kaɗan, ƙarfe ne kawai. Na datse haƙora na soma karanta duk abin da na haddace.

Ban ankara ba sai na ji ruwa mai sanyi, fatsal, a fuskata, har cikin hanci.

Wallahi ban san lokacin da na tashi zaune ba. Muryar da nake kiran masu saye da ita daga tsallaken titi, da ita na kurma ihu:

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim! Wane ɗan banza ne?"

Hannuna ya kai wa kwanon ruwan duka, ya kife a kan rigar fada. Gashin aro ya yi nasa wuri. Mista Amowa ya ja da baya ya dafe ƙirji, Turancin ya gudu, ya ce da harshen uwarsa, "Awurade!" wato ya Ubangiji. Masu waƙa suka yi tsit, sai wata guda da ba ta ga abin da ya faru ba ta ci gaba ita kaɗai.

Na waiga. Jan idon nan yana kallona, kyamarar har ta matso. Bayanta ga Mista Kwate ya ɗora hannu biyu a ka.

To a nan ne na yi abin da har gobe in na tuna nake cusa fuska a matashi. Da na tashi na fita da gudu, da an ce tsoro ne. Da na zauna na yi kuka, da an tausaya. Ni kuwa sai na dubi kyamarar, na ɗan russuna, na ce cikin ladabi, "Ku yi haƙuri." Na koma na kwanta, na jawo zanen da kaina na gyara shi, na harɗe hannuwa, na rufe ido. Na sake mutuwa.

Shi kuma bawan Allah Mista Amowa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, sanƙo a waje, ya matso daga nesa-nesa ya ƙarasa addu'arsa, yana yi yana kallon hannuna.

Abin da ya faru a Maamobi kuwa Gwaggo ce ta ba ni, kuma ba sau ɗaya ba, don har ta bar duniya ba ta gaji da ba da shi ba. Alhaji ya fito da akwatin baranda, ya ɗora a kan tebur mai shimfiɗa, an jera bencina har bakin titi, an raba goro da lemo. Liman yana gaba a kujera mai hannu. Da aka fara, sai ga hoton wani ƙaton gini da ƙarar ƙararrawa. Liman ya yi gyaran murya. Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ai haka fadar sarakunan Rum take." Da aka nuno tsohuwa da buhu tana juya tukunya, ya ce, "Wannan 'yar aikin gidan ce. Uwar sarkin tana nan tafe, ku dai zuba ido."

Gwaggo ce ta tona. Ta ce tana ganin yadda tsohuwar ta buga ludayi a bakin tukunya ta miƙe tsaye. "Wallahi 'yata ce! Me suka yi mata? Da rana ta fita da ƙuruciyarta!"

Da aka zo wurin gawa, Gwaggo, wadda ba ta taɓa kallon akwatin ba sai ranar, ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka da salati, wai an kashe mata marainiya. Mata suka riƙe ta, wasu suka taya ta. Da aka ɗora gicciye, Liman ya lalubo takalmansa. Yana cikin sawa ne gawa ta tashi ta yi a'uziyya. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Benci ya karye, farantin goro ya watse, wani dattijo ya faɗa kwata da babbar rigarsa. Waɗanda suka tsaya kuma, da suka ga na ba da haƙuri na koma na kwanta, dariya ta kayar da su ƙasa, har da masu birgima.

Na fito daga gidan talabijin da leshina a ƙunshe a hammata, ban ko tsaya wanke fuska ba. A bakin ƙofa na ga Mista Kwate zaune a kan dakali, ya kunna lofen nan yana zuƙa yana tari. Bai dube ni ba, ni ma ban tsaya sallama ba. Ta lunguna na bi har gida.

Da safe dole na fita ɗiban ruwa, tunda wake ba ya dafa kansa. Ina isa famfo layin ya yi shiru. Sai wadda na ce fuskarta za ta tsaga gilashi ta matso, ta russuna har ƙasa, ta ce da murya mai daɗi:

"Uwar Fafaroma, ina kwana? Kin tashi lafiya?"

Bokiti ya faɗi, mata suka riƙe ciki. Gaisuwar da na yi shekara talatin ina amsawa ba tare da tunani ba, ranar ta zama mini mari.

Alhaji ya bari sai da aka kwana biyu sannan ya zo. Bai shiga ba, a zaure ya tsaya.

"Na tara dattawan Maamobi in nuna musu sarauniya," in ji shi. "Kin haifi Fafaroma, kin mutu, kin tashi, kin sake mutuwa, duk a cikin akwatina. Akwatin da ko wata uku bai yi ba."

Na ce, "Alhaji, ai wasa ne."

"A kasuwa yanzu ka san me suke ce mini? Baban Fafaroma." (Don ɓacin rai har ya ce mini "ka".) "Maganar nan tamu a ɗan dakata tukuna, ƙura ta lafa."

Har yau ana dakatawa. Kafin shekara ta zagayo ya auri wata 'yar unguwar Adabraka, wadda aka tabbatar masa ba ta taɓa mutuwa ba.

Na je wurin Liman da kaina, na tambaye shi ko musuluncina yana nan. Ya daɗe yana kallon tabarma, gemunsa yana motsi, na lura dariya yake dannewa. Ya ce, "'Yata, mutumin da aka firgita shi, abin da ke cikinsa ne ke fitowa, mun kuwa ji abin da ya fito. Wannan ba ni da damuwa a kai. Amma ƙaryar sarauta da kika yi a famfo, da zagin ɗan mutane da kika yi a gaban duniya, su za ki nemi gafara a kansu."

Duk wannan bai dame ni kamar shirun Mariya ba. Su ma ashe sun taru a harabar cocinsu, manya da yara, an kawo akwati, sun zo ganin tarihin mutumin da suke ƙauna. Ta gaya wa kowa cewa uwar ƙawarta ce, maƙwabciyarta, Musulma mai mutunci. Kwanaki ba ta fito tsintar wake ba. In mun haɗu a tsakar gida sai ta kau da kai. Ni da nake ta kukan leshi da Alhaji, sai a lokacin na gane ba ni kaɗai na ji kunya ba, kuma tata ba ita ta jawo wa kanta ba.

Na zuba waakye a kwano, da ƙwai da nama, na je na yi sallama a ƙofarta. Ta karɓa ta ajiye, ba ta ce in zauna ba.

Na ce, "Mariya, na ɓata muku. Ki yafe mini."

Ta ce, "Da kin ce ba za ki iya ba, wa zai ji haushi? Kin san abin da za a nuna tun ranar Alhamis."



"Kuma ruwan ma," ta ce, "ba na coci ba ne. Na famfon bayan gidan talabijin ne suka ɗebo. Shi ne kika yi wa wannan ihun?"

Sai bakinta ya fara rawa. Ta yi ƙoƙari ta riƙe, ta kasa. "Ku yi haƙuri," ta kwaikwayi muryata, ta jawo zaninta ta rufe fuska ta kwanta a kan gado. Muka yi dariya har muka yi hawaye, nawa dai ba duka na dariya ba ne. Washegari ta fito da tirenta muka tsince wake.

Ciniki kam ya ƙaru, ba zan ɓoye ba. Mutane suka riƙa zuwa tun daga unguwar Malam da ke can bakin gari don su ci abincin gawar da ta tashi, wasu har su ce in yi musu a'uziyyar su ji. Sunan kuma ya zauna daram. Na yi wani auren, na haihu, bayan shekaru Allah ya nufe ni da zuwa Makka, na dawo da haƙorin zinariya ina cewa to yanzu dai dole a canza mini suna. Motar ba ta gama tsayawa ba na ji ana shela a layi: "Hajiya Uwar Fafaroma ta sauka!"

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka ce ku zo ga matsayi babba an ajiye muku, ku tsaya ku tambaya me mai matsayin yake sawa, kuma yana kaiwa ƙarshen labarin da ransa ko kuwa. In kuma kun riga kun tashi a inda aka ce ku mutu, to don Allah ku ci gaba da tafiya, kada ku koma ku kwanta. Ni dai har yau, in jikokina suka shigo da safe suka ce, "Hajiya, kin tashi lafiya?" sai na dubi bakinsu da kyau kafin in amsa.